Cunkoson Naman Nono da Gwajin Sankarar Mama: Tambayoyi da Amsoshi

Mace ta je an yi mata hoton mamogiram, wato hoton X-ray da ake ɗaukar nono don neman sankarar mama, sakamako ya fito cewa ba a ga komai ba, ta yi hamdala. Har za ta ninke takardar sai idonta ya kai kan wani layi a ƙasa, wai naman nononta mai cunkoso ne. Nan take murna ta koma ciki. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda mata suka fi maimaitawa bayan sun ci karo da wannan layi, tun daga masu sauƙi har zuwa waɗanda likitoci kansu ba su gama daidaitawa a kai ba.

Me ake nufi da cunkoson naman nono?

Cikin nono ba abu guda ba ne. Akwai kitse, akwai ƙananan jakunkunan da ke haɗa ruwan nono tare da siraran hanyoyin da ke kai shi kan nono, sannan akwai zaruruwan nama masu ƙarfi da ke riƙe komai a muhallinsa. Kowace mace tana da dukkan ukun, rabon ne ya bambanta. Idan jakunkunan da zaruruwan suka rinjayi kitse, sai a ce nonon mai cunkoso ne. A takardun da aka rubuta da Turanci, kalmar da za ki gani ita ce dense.

Ba cuta ba ce, ba kuma alamar cewa cuta ta fara ba ce. Halitta ce, kamar tsawo ko launin fata. Kusan rabin matan da suka kai shekara 40 zuwa sama, idan aka yi musu hoto, haka ake samun nasu.

Nawa yana da tauri idan na taɓa. Ke nan mai cunkoso ne?

Hannu ba ya gane wannan, ko naki ko na likita. Nono na iya yin tauri a hannu amma hoto ya nuna yawancinsa kitse ne, wani kuma ga laushi amma cike yake da nama. Girma ma ba ma'auni ba ne. Mamogiram ne ke faɗa, likitan hoto kuma shi ke karantawa ya rubuta.

Na ga harafin C a takardata. Mene ne A, B, C da D?

Ma'auni ne da ake kira BI-RADS, wanda ƙungiyar likitocin hoto ta Amurka ta tsara, ƙasashe da dama kuma suke amfani da shi. A na nufin nonon kusan duk kitse ne, kuma kimanin mace 10 cikin 100 ke nan. B na nufin akwai ɗigon nama mai cunkoso jefi-jefi amma kitse ya fi yawa, su ne kimanin 40 cikin 100. C na nufin cunkoson ya mamaye wurare da yawa har zai iya rufe ƙaramin ƙullutu, su ma kimanin 40 ne. D shi ne mai tsananin cunkoso, kimanin 10 cikin 100. Masu C da D ne ake cewa nononsu mai cunkoso ne.

Kada ki haɗa waɗannan haruffa da lambobin da ke cikin takardar, daga 0 zuwa 6. Lambar tana faɗin abin da aka gani ne, ko akwai abin zargi ko babu. Harafin kuwa yana faɗin irin naman da aka duba. Mace na iya samun lamba 1, wato ba a ga komai ba, kuma harafinta D ne. Dalilin da ya sa wannan haɗin yake buƙatar natsuwa yana cikin amsa ta gaba.

Ta yaya cunkoso yake ɓoye sankara a hoto?

Da za ki tsaya bayan likitan hoto ki kalli allonsa, za ki ga kitse ya fito baƙi-baƙi ko ruwan toka, domin hasken na'urar yana ratsa shi cikin sauƙi. Nama mai cunkoso kuwa yana tare hasken, sai ya fito fari. Matsalar ita ce ƙullutun sankara shi ma fari yake fitowa. A nonon A, ƙullutu mai girman ƙwayar wake yana bayyana ƙarara kamar tauraro a daren duhu. A nonon D, allon gaba ɗaya fari ne fat, likita yana neman farin zare ne a cikin tarin auduga. Ƙwarewarsa ba ta ragu ba, na'urar ma ƙalau take, abin ne ya saje da kewayensa.

A ƙididdiga, mamogiram yana kama kusan sankara 9 cikin 10 a nono mai kitse, amma a mai tsananin cunkoso abin yakan sauka zuwa wajen 6 cikin 10. Waɗanda suka kuɓuce su ne suke fitowa daga baya, a tsakanin wannan hoto da na gaba, lokacin da mace ta ji ƙullutu da hannunta watanni kaɗan bayan an ce mata lafiya lau. Irin waɗannan sau da yawa sun riga sun yi girma kafin a gano su.

Saboda haka "ba a ga komai ba" ba nauyinsa ɗaya ba ga kowace mace. Ga mai A magana ce mai ƙarfi. Ga mai D magana ce ta gaskiya, amma da ragowar shakka a cikinta, kuma haƙƙinta ne a gaya mata hakan.

Ban da ɓoyewa, cunkoson da kansa yana ƙara haɗarin kamuwa?

Yana ƙarawa. Wani likitan hoto Ba'amurke, John Wolfe, shi ya fara jawo hankali kan wannan a 1976. A 2007 Norman Boyd da abokan aikinsa a Kanada suka wallafa binciken da ya nuna cewa matan da cunkoso ya kai kashi 75 cikin 100 na nononsu sun ninka haɗarin waɗanda nasu bai kai kashi 10 ba fiye da sau huɗu. Daga irin wannan binciken ne maganar "ninki huɗu zuwa shida" ta yaɗu, kuma ita ce ke hana mata barci.

Amma ki lura da wa aka gwada da wa. An ɗauko ƙarshen can ne aka gwada da ƙarshen nan, alhali yawancin mata suna tsakiya. Idan aka gwada da mace mai matsakaicin nama, haɗarin mai C ya ɗara da kaɗan ne kawai, na mai D kuma wajen ninki biyu. Wannan ya yi kusa da haɗarin macen da mahaifiyarta ko 'yar'uwarta ta jini ta taɓa yin ciwon. Abin lura ne, ba abin firgita ba, kuma mafi yawan masu C da D har ƙarshen rayuwarsu ba sa kamuwa.

Akwai kuma wani abin kwantar da hankali. Wani bincike da aka wallafa a 2012 kan mata fiye da 9,000 masu sankarar mama ya nuna cewa, idan aka yi la'akari da matakin ciwon da sauran abubuwa, cunkoso bai ƙara yawan mutuwa ba. Illarsa tana wajen jinkirin ganowa.

Me ya jawo mini? Wani abu na yi?

Babu laifinki ko kaɗan. Binciken da aka yi kan tagwaye ya nuna kimanin kashi 60 cikin 100 na bambancin da ke tsakanin mata gado ne. Sauran kuma shekaru ne da yanayin jiki: ƙuruciya tana tafiya da cunkoso, bayan ɗaukewar al'ada kitse yakan maye gurbin jakunkunan sannu a hankali, ko da yake akwai matan da nasu yake nan daram har tsufa. Siraran mata sun fi samunsa. Haihuwa tana rage shi. Magungunan homon da ake bai wa wasu bayan ɗaukewar al'ada, musamman haɗin estrojin da projestin, suna ƙara shi.

Tunda hoton ba ya gani sosai a irin nawa, ba gara in daina ba?

A'a, don Allah kada ki daina. Ko a nonon D, mamogiram yana kama fiye da rabin abin da ke akwai. Sannan akwai abin da ya fi sauran gwaje-gwaje iya gani, wato ƙananan ɗigon alli masu kama da barbaɗin gishiri, waɗanda wani lokaci su ne alamar farko tun ciwon bai fita daga cikin hanyar ruwan nono ba. Waɗannan suna haskawa ko a cikin farin nama. Har wa yau shi ne gwajin da manyan bincike na shekaru da dama suka tabbatar yana rage mutuwa. Duk gwaje-gwajen da za a ambata a ƙasa ƙari ne a kansa, ba madadinsa ba.

Na yi hoto sau da yawa, me ya sa ba a taɓa gaya mini ba?

Shekara da shekaru likitan hoto yana rubuta wa ɗan'uwansa likita wannan bayani, ita mai jikin ba ta sani ba. Wata malama a jihar Connecticut ta Amurka, Nancy Cappello, ita ta tsaya kai da fata har aka sauya. Ta shafe fiye da shekara goma tana yin hoto duk shekara ana ce mata lafiya. A farkon 2004, makonni shida bayan wani hoton da aka ce babu komai, likitarta ta ji wani kauri da hannu. Sikanin, irin wanda ake yi wa masu ciki, ya nuna ƙullutu, gwaji ya tabbatar sankara ce a mataki na uku, ta riga ta shiga kaluluwar hammata guda 13. A lokacin ne ta fara jin cewa nononta mai cunkoso ne, kuma an daɗe da sanin haka a cikin fayil ɗinta.

Fafutukarta ta sa jiharta ta zama ta farko da ta kafa dokar sanar da mata a 2009. Ta rasu a 2018, amma jihohi 38 sun bi sahu, kuma daga 10 ga Satumba 2024 hukumar kula da abinci da magunguna ta ƙasar, wato FDA, ta wajabta wa duk wuraren yin mamogiram a Amurka su rubuta wa mace ko nata mai cunkoso ne ko a'a. A ƙasashe da yawa babu irin wannan doka, don haka idan takardarki ba ta faɗa ba, ki buɗe baki ki tambaya: "Likita, wane harafi ne nawa?"

Waɗanne ƙarin gwaje-gwaje ake da su?

Akwai mamogiram na 3D, wanda ke ɗaukar hoton nono sala-sala maimakon a dunƙule. Yana rage yawan kiran mata su dawo a banza, yana kuma taimakawa a nonon C, amma a D amfaninsa kaɗan ne, domin ko an yanka fari sala-sala fari ne dai. Sai sikanin, irin na'urar da ake duba ciki da ita. Ba shi da tururin haske, ya fi sauƙin samu, kuma a cikinsa ƙullutu yakan fito baƙi a kan farin nama. Yakan gano ƙarin sankara wajen 2 zuwa 4 a cikin mata 1,000 da mamogiram ya wanke. A Japan, binciken J-START kan mata kusan 73,000 masu shekara 40 zuwa 49 ya nuna cewa haɗa shi da mamogiram ya ɗaga ganowa daga kashi 77 zuwa 91 cikin 100. Aibinsa shi ne yawan nuna abubuwan da daga baya ake tarar ba komai ba ne.

Sai MRI, wanda ake yi wa mace allurar wani ruwa a jijiya kafin ta kwanta rub da ciki a cikin na'urar. Shi ba ruwansa da fari ko baƙin nama, yana bin inda jini ke kwarara da yawa ne, sankara kuwa mai jan jini ce. Ya fi kowanne gani, amma yana da tsada, na'urorinsa ba su da yawa, kuma mai tsoron matsattsen wuri tana shan wuya a ciki. Akwai gajeren nau'insa na kimanin minti goma. Akwai kuma mamogiram mai allurar ruwan aidin, wanda shi ma jini yake bi. A binciken BRAID na Birtaniya da aka wallafa a 2025, gajeren MRI ya gano sankara wajen 17 cikin mata 1,000, mamogiram mai allura wajen 19, sikanin na na'ura mai sarrafa kanta kuma wajen 4.

An tabbatar MRI yana amfanar masu tsananin cunkoso?

Hujja mafi ƙarfi ta fito daga Holan, a binciken DENSE da aka wallafa a 2019. An ɗauki mata fiye da 40,000 masu shekara 50 zuwa 75, dukkansu masu D, dukkansu mamogiram ya ce babu komai. Aka gayyaci wani kaso su yi MRI, aka bar sauran. A cikin shekara biyu, sankarar da ta ɓullo tsakanin hoto da hoto ta kai 5 cikin 1,000 a waɗanda aka bari, amma 2.5 a waɗanda aka gayyata. Rabi ke nan, duk da cewa kashi 59 cikin 100 ne kawai suka amsa gayyatar. A cikin waɗanda suka yi ɗin, ba ta kai 1 cikin 1,000 ba.

Farashinsa kuwa, a zagayen farko kusan mace 80 cikin 1,000 aka tayar wa hankali kan abin da ba sankara ba. A zagaye na biyu, da yake akwai tsohon hoto da za a gwada da shi, adadin ya sauko zuwa wajen 26.

In haka ne, me ya hana a ce kowace mai cunkoso ta yi ƙarin gwaji?

Nan ne masana suka rabu. Ƙungiyar likitocin hoton nono ta Turai ta ba da shawara a 2022 cewa mata masu D, daga shekara 50 zuwa 70, a yi musu tayin MRI duk bayan shekara biyu zuwa huɗu. Kwamitin Amurka mai ba da shawara kan rigakafi kuwa, a 2024, ya ce mata su riƙa yin mamogiram duk shekara biyu daga 40 zuwa 74, amma game da ƙarin gwaji saboda cunkoso ya ce hujja ba ta kai a yanke hukunci ba.

Masu taka-tsantsan suna da dalilinsu. Gano ƙarin ƙullutu daban, rage mutuwa daban, kuma tabbatar da na biyun yana cin shekaru masu yawa. Wasu daga cikin abin da ake ganowa masu tafiyar hawainiya ne da ba za su taɓa cutar da mace ba, amma da zarar an gani sai an yi aiki. Ga kuma kwanakin zullumi: a kira ki a waya, a soka allura a ɗebi ɗan nama, ki yi mako kina juyi a kan gado kafin a ce ba komai. Wadda ta taɓa shiga wannan hali ba za ta kira shi ƙaramin abu ba.

A ganina, ga mai D hujjar ta yi ƙarfin da ya kamata a zauna da ita a yi mata bayani ta zaɓa da kanta. Ga mai C wadda ba ta da wani abin haɗari, maganar ba ta kai nan ba, sai an duba abin da amsa ta gaba ta lissafa.

To ni yaya zan san ko ina buƙata?

Harafin shi kaɗai ba ya yanke hukunci, sai an ɗora shi a kan sauran tarihinki. Kafin ki ga likita, ki bincika dangi ta wajen uwa da ta wajen uba, domin gadon wannan ciwo yana biyowa ta uba kamar yadda yake biyowa ta uwa. Wa ya yi sankarar mama ko ta ƙwan mace, kuma yana da shekara nawa? An taɓa samun namiji da ita a gidan? An taɓa ɗibar namanki aka ce ƙwayoyinsa sun sauya kama? An taɓa gasa miki ƙirji da haske don maganin wata sankara kafin ki kai 30? An gano sauyin ƙwayar gado ta BRCA1 ko BRCA2 a danginku?

Likitoci suna da ma'aunan lissafi, irin su Tyrer-Cuzick, da ke haɗa waɗannan da cunkoso su fitar da kaso. Idan haɗarin tsawon rayuwa ya kai kashi 20 cikin 100, shawarar da aka daɗe a kanta ita ce MRI duk shekara tare da mamogiram, ko nonon mai cunkoso ne ko ba shi ba.

Akwai abinci ko maganin da ke rage cunkoso?

Babu wani abinci, shayi, man shafawa ko tausa da aka tabbatar yana yin haka, kuma duk mai sayar miki da irin wannan kuɗinki yake so. Maganin tamoxifen yana rage shi, yana kuma rage haɗarin kamuwa, amma don rigakafi ana ba da shi ne ga masu babban haɗari kawai saboda yana iya jawo daskarewar jini da matsalar mahaifa. Idan kina shan maganin homon bayan ɗaukewar al'ada, ki tattauna da likitanki, kada ki yanke da kanki.

Wata takan ce, tunda masu jiki sun fi ƙarancin cunkoso, bari in ƙara ƙiba. Wannan gudun gara ne a faɗa gidan zago, domin ƙiba bayan ɗaukewar al'ada ita kanta tana ƙara haɗari. Abin nema shi ne rage haɗarin, ba sauya harafi ba. Abubuwan da aka tabbatar suna taimakawa su ne motsa jiki a kai a kai, tsare nauyi, nisantar giya da taba, da shayarwa ga wadda ta samu hali. Wani babban nazari na 2002 ya nuna kowane wata 12 na shayarwa yana rage haɗarin da wajen kashi 4 cikin 100.

Bara an rubuta C, bana B. Wanne ne daidai?

Duka biyun na iya zama daidai. Cunkoso yana raguwa da shekaru, nauyin jiki ma yana sauya shi. Ban da haka, kimantawa ce ta ido, kuma likitoci biyu kan saɓa a kan nonon da ke kan iyakar B da C. Wasu wuraren suna amfani da manhajar kwamfuta don rage wannan saɓani. Ki adana tsofaffin hotunanki ki riƙa zuwa da su, domin gwada na bana da na bara yana tona abin da hoto ɗaya ba zai nuna ba.

Ina shayarwa, kuma ban kai 40 ba. Wannan magana ta shafe ni?

Ciki da shayarwa suna cika nono da nama da ruwa na ɗan lokaci, don haka harafin da aka samu a wannan lokaci ba shi ne na dindindin ba. 'Yan mata da matasan mata kuwa yawancinsu masu cunkoso ne, shi ya sa idan suka zo da ƙorafi ake fara musu da sikanin. Amma goyo ba ya hana bincike. Ƙullutun da ya wuce mako ɗaya zuwa biyu bai baje ba, kada a ce toshewar nono ce a zauna, a je a duba.

Hotona ya fito lafiya watanni uku da suka wuce, yanzu kuma ina jin ƙullutu. In jira hoto na gaba?

Kada ki jira, ko da jiya aka yi hoton. Gwajin shekara-shekara na matan da ba su ji komai ba ne. Da zarar kin ji ko kin ga wani abu, kin fita daga wannan layi, bincike na musamman kike buƙata. Abubuwan lura su ne ƙullutu ko kauri a nono ko hammata, kan nono ya shige ciki alhali da ba haka yake ba, ruwa ko jini na fita da kansa daga gefe ɗaya, fata ta lotsa ko ta yi ƙofa-ƙofa kamar ɓawon lemo, ja ko kumburin da ya ƙi tafiya, ko gyambon da ya ƙi warkewa. Rashin zafi ba shaidar lafiya ba ne, domin yawancin ƙullutun sankara ba sa ciwo da farko. Yawancin ƙullutu ma ba sankara ba ne, amma gwaji ne kaɗai zai raba.

Idan kin je, ki faɗi abu uku a jere: ga inda nake ji, ga ranar da na fara ji, kuma an ce mini nonona mai cunkoso ne. Ki ɗora yatsan likita a daidai wurin. Idan aka sake mamogiram bai nuna ba, ki nemi a sa sikanin a kan wurin. Idan shi ma bai nuna ba amma ƙullutun yana nan ko yana girma, ki koma, ki tambaya ko za a ɗebi ɗan nama a gwada, kuma ki nemi a rubuta miki ranar da za ki dawo kafin ki bar ɗakin.